Lodi a Hanyar Kotonu

Sallama gare ku, na wannan gaɓar ruwa da na ƙetare. Wanda yau ne farkon shigowarsa ya matso, ba a bar shi a baya ba. Sunana Sa'ida, 'yar Alhaji Abdulmalik mai kamiyo, babbar motar kaya, a nan Gaya ta bakin iyaka. Abin da zan ba ku yau, har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Baba ya yi fiye da rabin rayuwarsa a bayan sitiyari, tsakanin Gaya da Kotonu. Wata safiya yana alwala hawan jini ya kayar da shi. Allah Ya tashe shi, ƙafa ta dawo, baki ya dawo, amma akwai abin da bai dawo ba. Tsohon zance yana nan garau a kansa, har launin rigar da ya sa ranar aurensa da Inna zai faɗa maka. Sabon abu ne ba ya kwana. In ya ci dambu ya wanke hannu, kafin Inna ta ɗauraye kwano zai tambaya ko yau ba a ɗora tukunya ba ne.

A cikin wannan hali Nazifi ya shigo gidanmu. Ma'aikacin gidan likita ne, mutumin garin Bana, yana haya a bayan layinmu, shi aka roƙa ya riƙa leƙowa da la'asar yana auna wa Baba tansiyo, wato hawan jininsa. Dogo ne, baƙi, farar rigarsa kullum kamar yanzu aka sauke ta daga guga. Duk zuwan da zai yi, sai Baba ya ɗago ya ce wane ne wannan. Shi kuma sai ya durƙusa ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da garinsu, kamar ranar farko. Ban taɓa jin ya ce ai jiya ma na faɗa ba. Ku bar batun tsawo da fararen haƙora, wannan durƙuson ne ya fara kama ni.

Wata rana na shigo da ruwa a kan tire, suna hira, sai na ji Baba ya ce, "Yaro, kana da iyali?"

"Tukuna, Baba."

"To ina da 'ya. Ga ta nan ma."

Yadda na ajiye tiren ban sani ba, na dai tsinci kaina a madafa. Na ɗauka shi ke nan, gobe ya manta, ni kaɗai zan sha kunyata. Gobe kuwa ya manta. Amma da suka sake hira, ya sake jin hankalin yaron, sai ya sake tambayarsa ko yana da iyali. Haka jibi, haka gata. Kullum baƙo ne a wurinsa, kullum kuma kafin a naɗe abin awo ya ba shi ni. Inna tana yankan albasa tana dariya har da hawaye, wai ita a tarihin Gaya ba ta san yarinyar da aka bayar kamar ni ba.

Nazifi bai ɗauke shi wasa ba. Ya karɓi lambata wurin Inna da izininta, mesaj ɗinsa na farko har yau ban goge ba: "Baba ya ba ni, amma ban ji daga bakin mai ita ba." Na bar shi ya jira har rana ta yi sanyi, sannan na rubuta masa cewa ni ba na musu da Baba.

Daga nan ya aika wurin Baffa Yacuba, ƙanin Baba, wanda tun faɗuwar Baba shi ke riƙe da gidan. Kada ku zage shi a ƙasan wannan rubutu, Baffana ba mugu ba ne, mutum ne mai tsoron bakin duniya. Ya zo cikin shaddarsa ruwan toka, ya zauna a kan kujerar ƙarfe ya ƙi ko shan ruwa. Ya ce wa Inna magana ta fara yawo a tasha, wai likita ya shiga gidan mara lafiya da abin awo zai fito da mata. Ya ce shi ba zai tsaya gaban mutane ya ce Yayansa ya ba da 'ya ba, alhali Yayan bai san ya bayar ba. Ranar Juma'a bayan an sauko zai dawo da Gwaggo Fatuma, babbar yayarsu. Zai tambayi Baba da bakinsa: wa ka ba Sa'ida, ɗan wa, daga ina? Ba Nazifi a wurin, ba mai raɗa masa. In ya faɗa, magana ta zauna, a turo magabata. In bai faɗa ba, Nazifi ya daina taka gidan, a nemo wani mai awo, a rufe zancen.

Na shige ɗaki na kifa kaina a kan filo. Mutumin da ba ya tuna ya ci abinci, shi zai riƙe suna uku har Juma'a? Na tura wa Nazifi abin da aka yanke, na ƙara da cewa ya yafe ni.

Bokal ya maido mini, saƙon murya, muryarsa a kwance kamar ba shi ake shirin kora ba. Ya ce lokacin da yake lakkol, makarantar aikin likita, a Yamai, sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi sun kusa kora shi gida. Sai wani malaminsu ya koya masu wata dabara. Ya ce kai ba ya son riƙe suna tsirara, amma yana son wuri, yana son hoto. Ka ɗauki wurin da ka sani kamar tafin hannunka, ka bi shi a zuci daga ƙofa zuwa ƙurya, duk inda ka tsaya ka ajiye abu guda. Kuma kada ka ajiye shi da hankali, ka mai da shi ƙato, ko abin dariya, ko abin kunya, yadda in ka dawo wurin ba yadda za ka yi ka wuce shi. Shi a gidan mahaifiyarsa a Bana ya zuba ƙasusuwan, har yau wai in ya shiga zaurensu ƙashin cinya yake fara gani a jingine kamar taɓarya. Ya ce ba magani ba ne, bai yi mini alkawarin zai ci a kan Baba ba. Amma in gwada a kaina tukuna.

Washegari Inna ta aike ni kasuwa da saƙo rututu irin nata, wanda kullum sai na kira ta daga gaban mai tumatir. Na tsaya a tsakar gida na rufe ido. Na rataye kifi ƙato a ƙofar zaure yana yi mini sallama. Na cika randa da manja har yana malala. Na zaunar da doya a kan kujerar Baba ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Haka na bi gidan har bayan ɗaki. Jama'a, na isa kasuwa na sake rufe ido, sai ga su nan kowa a inda na bar shi, kifin ma bai rufe baki ba. Na tsaya tsakiyar mutane, masu kabu-kabu suna ta yi mini oda, ni kuwa ina ta tasbihi. Ashe akwai ɗakuna haka a cikin kan mutum, a share, a buɗe, ina yawo da su tun haihuwata ban taɓa leƙawa ba.

Da gudu na dawo na gwada wa Baba. Abin bai ci ba. Gidan nan ba mu daɗe da tarewa ba ciwon ya same shi, har yanzu in zai zaga hagu yake yi, inda makewayin tsohon gidanmu yake. Na ce to mu koma tsohon gidan a zuci. Nan ma ya kai zaure ya tsaya, ya ce shi ɗakunan sun cakuɗe masa. Na fito na zauna bakin murhu na yi tagumi.

Inna tana tsince zogalen kopto, kwaɗonmu na nan, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ke ma da neman wahala. Wane gida? Mutumin nan yaushe ya zauna a gida? Ni da na aure shi baƙo na aura. Gidansa hanya."

Na koma na durƙusa gabansa. Na ce, "Baba, in mota ta tashi daga Koca, sai ina?" Koca ita ce filin da manyan motoci ke taruwa kafin gada.

Sai na ga mutum ya gyara zama. Kafaɗar nan da ta saki tun ciwo ta miƙe. Ya ce sai duwan, wurin 'yan kwastan, sai gada, sai Malanbil. Bai tsaya a sunaye ba. Ya gaya mini ramin da ke bayan kasuwar albasa wanda in ba ka kauce dama ba sai ka bar taya a ciki. Ya gaya mini itacen mangwaron da ake tsayawa salla a Gene, da matar da ke soya doya a mashigar Kandi mai yaji kamar faɗa. Bembereke, Ndali, Paraku, yana faɗa yana karya hannu kamar sitiyarin na gabansa. Yau an daɗe da rufe gadar nan, sai kwalekwale ke ƙetare da mutane, motocin Koca sun yi tsatsa a tsaye. Amma a cikin kan Babana hanyar a buɗe take har bakin teku, ko dutse ɗaya bai ɓata ba. Na kalli wannan kai mai furfura da muke ta tausayi, na ji kunya ta kama ni, na ji kuma wani irin girma da ban san sunansa ba.

Nazifi ya kafa sharaɗi guda, ni ma na yarda: ba za mu ɗora wa Baba abin da bai faɗa da kansa ba. Don haka da la'asar ya zo yadda ya saba, ya durƙusa, ya faɗi sunansa, aka yi awo, aka yi hira. Muka jira. Can sai Baba ya tambaye shi ko yana da iyali, ya ce yana da 'ya. Tun maganar da zafinta na ajiye kunya a bakin ƙofa na leƙo.

"Baba, akwai lodi."

"Na wa?"

"Naka. Maganar da ka yi yanzu. Kada ta zube a hanya."

Ya dube ni, ya dubi Nazifi, sai ya yi wata 'yar dariya. Ashe ya san yana mantuwa, ya san abubuwa na zube masa, ya dai rasa inda zai ɗaure su ne. Ya ce a kawo kayan.

Shi ya zaɓi hotunan, mu namu tambaya. Na ce ina za mu sa yaron? Ya tambayi sunan, aka faɗa, ya ce nazif ai mai tsabta ke nan a Larabci. Ni na ce to a tsayar da shi a kan gada. Baba ya ba shi bokiti da tsintsiya, ya sa shi wanke gadar tun daga wannan baki har wancan, kumfa na zuba a kogin Isa, kifaye na atishawa. Sunan mahaifinsa Alfari, Baba ya ce da Dandanci manomi ke nan, sai ya dasa wani tsoho tsakiyar kasuwar Malanbil yana noma kwalta da hauya, 'yan albasa na zaginsa. Garinsu Bana. Nan Baba ya yi dariya har da tari. Ya hau da wani mai shela kan mangwaron Gene yana ihu: ba baɗi ba, bana. Nazifi ya sunkuyar da kai yana murmushi, ni na ja mayafi na rufe fuska. Ni kuma aka ɗora ni kan tulin auduga a Kandi, hannu da ƙafa cikin lalle, ina cin doyar matar nan ina hawayen yaji. Daga nan muka tsaya. Baba ya ce a ja igiya a ɗaure.

Safe da yamma sai na zo na ce Baba mu tashi mota. Wani zubin mu isa lafiya. Wani zubin ya ga kumfa bai ga mai wankin ba. Akwai ranar da ya kira shi Malam Sabulu, Inna ta riƙe sunan har yau. Amma kullum hoton ƙara kama ƙasa yake yi. Ranar Laraba da hantsi, ba wanda ya tambaye shi, yana shan kunu ya ce wa Inna yaron nan mai wanke gada bai zo ba jiya ko? Inna ta saki ludayi. Tun da ya faɗi, ranar ce ta farko da jiya ta kwana a kansa.

Ranar Alhamis Gwaggo Fatuma ta shigo ba sallama mai ƙarfi, ta same mu a Gene. Ta tsaya ta gama ji, ta gyara lulluɓinta ta fita. Kafin magariba Baffa ya kira Inna a portabul, ina jin muryarsa daga inda nake. Ya ce ashe hadda ake yi wa Yayansa kamar aku. Ya ce zai zo goben kamar yadda ya faɗa, amma mu sani karatun da aka cusa wa mutum ba shi ne yardarsa ba. Na rubuta wa Nazifi cewa ko Baba ya faɗa daidai an riga an ƙi. Ya amsa da kalma biyu: "Bar Baba."

Juma'a Inna ta sa wa Baba farar shaddarsa mai aikin zare ruwan ƙasa, ta fesa masa turare, ta shimfiɗa darduma babba a falo. Ni na sa atamfata shuɗiya mai ganye, na ɗaura kallabi ya ƙi zama, na sake ɗaurawa ya ƙi, na bar shi. Aka ce in tsaya bayan labule, kada a ji ko tarina. Gwaggo ta zauna ta miƙe ƙafa tana jan carbi. Baffa ya gaida Yayansa, ya tambayi jiki, sannan ya yi tambayarsa a hankali, ba tsawa.

Baba ya ɗago kai. Ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman inda ya ajiye hula. Sai ya rufe ido, ya ɗaga hannu biyu ya kama sitiyarin da ba kowa ke gani ba.

Ya ce mun tashi daga Koca. Mun wuce duwan. Mun hau gada.

Na riƙe labulen da hannu biyu. Nan ne. Nan muka bar shi.

"Gada ba kowa," in ji Baba. "Mu wuce."

Na leƙa ta gefen labule. Na hango Inna ta sunkuyar da kai. Shi kuwa ya ci gaba abinsa. A Malanbil ya ga tsoho na noma kwalta, ya ce Alfari ke nan. A Gene ya ji mai shela, ya ce Bana. Daga nan ya ɗan tsaya, goshinsa ya tattare, hannunsa na lalube a iska. Sai na ji wata murya ƙasa-ƙasa, wadda ban taɓa jin Baffa ya yi magana da ita ba.

"Kandi, Yaya. Ka rage wuta, akwai kwana."

Daga baya Inna ta gaya mini, Baffa yana saurayi shi ne aparantin Baba, yaron motarsa, a kan wannan hanyar ya yi gemu. Bakinsa ne ya riga shi.

Baba ya ce Kandi, ga Sa'ida kan auduga da lalle. Ya buɗe ido. Baffa ya share fuska da hannun riga, ya dawo da muryarsa ta kullum. Ya ce ya ji uba, ya ji gari, ya ji 'ya. Amma an ce masa a gada aka tsayar da yaron, ga shi gada ba kowa. Wanda aka ba ɗin fa?

Baba ya dube shi irin kallon da ake yi wa yaron mota da ya manta jarkar ruwa.

"Kai Yacuba, ka manta gada? Wurin jira ne. Rana ta dake ka, sauro ya ci ka, ɗan duwan ya yi maka tsawa. Yaran nan ne suka tsayar da shi can, ba su san hanya ba. Ni ba na barin surukina a gada. Tun shekaranjiya na ɗauke shi." Ya buga tafinsa a kan darduma, gefen damansa. "Ga shi nan gidan gaba, kusa da ni. Nazifi. Shi na ba."

Ba wanda ya koya masa wannan. Ban sani ba, Inna ba ta sani ba, Nazifi bai sani ba. Shi kaɗai, a wani lokacin da muke ganin yana zaune ne kawai yana kallon bango, ashe ya koma hanyarsa, ya tsaya a gada, ya buɗe ƙofa ya ɗauki fasinjansa. Carbin Gwaggo ya tsaya cak. Ta ce Allahu Akbar a hankali, kamar mai tsoron ta tashi wani daga barci. Ni dai na zame na zauna a ƙasa bayan labule, hawaye na bin wuyana, ina jin kamar an ɗaga rufin gidan an nuna mini sama.

Baffa ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Sannan ya ce wa Inna a gaya wa mutanen Bana su turo magabatansu, shi zai karɓe su da kansa.

Gwaggo ta fara haramar tashi, Inna ta miƙe za ta kawo abinci. Sai Baba ya ce wa ya ce a sauka, shi bai kashe mota ba. Akwai kaya a Paraku.

Muka dubi juna ta gefen labule, ni da Inna. Mu a Kandi muka tsaya. Ba mu taɓa ɗora ko tsinke a gaba da nan ba.

Ya ce kayan na Yacuba ne shi kaɗai, ya daɗe yana son sauke masa su suna zube masa, yanzu ya samu inda ya ɗaure. Mata su ba su wuri. Na ga Baffa ya sauko daga kujerar ƙarfe ya zauna a ƙasa gaban Yayansa, fuskarsa ta canza, kamar ya san ko mene ne.

Muka fito tsakar gida, Inna ta ja ƙofa. Portabul na ta rawa a hannuna, Nazifi ne, yana tambaya yaya aka yi. Na fara rubuta masa amsa, yatsana ya tsaya, don ta jikin ƙofar na jiyo Baba da muryarsa ta da, ta kafin ciwo.

"Aparanti, cire dutse daga ƙarƙashin taya. Mu tafi."